Gwanin Rairayi a Burtalin Shanu

Ban taɓa riƙe sitiyarin mota a Nijar ba. Gara in faɗi wannan tun da farko, tunda shi ne abin da na kasa faɗa wa abokin aikina har tsawon shekara guda. A cikin garin Tahoua aka haife ni, mahaifina malamin makaranta ne mai keke. Duk abin da na sani game da hanyoyin daji daga kujerar ƙarshe ta motar haya na san shi, a matse tsakanin buhun albasa da gwiwar wani, da leda a hannu saboda amai. Tuƙi kuwa a Faransa na koye shi, a Stains kusa da Paris, lokacin ina ɗalibi ina zaune gidan kawuna. Sau biyu ina faɗuwa jarrabawar permi, wato lasisin tuƙi, duka biyun a wajen ja da baya. A karo na uku matar da ke jarraba ni ta sa hannu tana duban agogo.

Da na gama karatu na samu aiki a wani kamfanin famfunan ruwa a Vénissieux, gefen birnin Lyon, na yi aure, na sayi ƴar ƙaramar mota wadda ba ta taɓa taka abin da ya fi bakin titi tsayi ba. A wurin aikin na haɗu da mutumin da nake magana a kai. Bafaranshe ne, ya haura hamsin, gemunsa ya fara fari, mutumin kirki ƙwarai. Shi ya nuna mini inda ake ajiye komai a makona na farko. Wata rana muna cin abinci sai ya miƙo mini wayarsa, ya nuna mini hoton kat-kat ɗinsa, wato motar daji mai ja da taya huɗu, wadda ta nutse cikin taɓo har ƙofa. Na ce masa Allah ya kiyaye gaba. Ya ce a'a, ai ranar nan ita ce mafi daɗi a duk shekarar. Sannan ya tambaye ni ainihin ƙasarmu.

Na ce, "Nijar."

Ya ajiye cokali. "Sahara," ya ce, kamar mai ambaton wata da ya so ya aura bai samu ba.

Nan take ya tambaye ni yadda muke yi idan mota ta shiga rairayi mai laushi. Da na ce ban sani ba, da an wuce wurin. Amma na sha jin kawuna yana ba da labari, sai na ji bakina yana cewa a rage iskar taya, kada a tsaya a kan hawa, kuma a yi sammako tun rairayi yana da sanyi, lokacin ya fi tauri. Ya ɗauki takardar goge baki ya rubuta. Daga ranar na zama gwani. Duk Litinin sai ya zo da tambaya, ni kuma in ba shi amsa daga abin da na tuna na hirar kawu. In tambayar ta fi ƙarfina sai in girgiza kai, in ce wannan sai mutum ya ji shi a jikinsa. Wannan amsar ya fi so.

Shekara ta zagayo, cikin watan Oktoba, ya same ni da fara'a ya ce ranar Lahadi mai zuwa zai fita da motar cikin tuddan da ke yammacin Lyon, kuma ya ware mini wani yanki na musamman da ni zan tuƙa. Ya ce ya daɗe yana son ganin hannuna. Na ce masa na gode. Da na koma gida na kira Stains.

Kawuna wan mahaifiyata ne. Shekara goma sha takwas ya yi yana jan motar ma'aikatan rigakafi a arewacin Tahoua, wajen Abalak da gaba da nan, inda hanya ita ce sawun wanda ya riga ka, idan iska ba ta shafe shi ba. Daga baya wani jami'in jakadanci ya zo da shi Paris, ya tuƙa shi da waɗanda suka gaje shi har ya yi ritaya. Yakan ce abin da ya yi a Paris ba tuƙi ba ne, neman wurin ajiye mota ne.

Muka gaisa a taƙaice, na tambayi matarsa Tanti da yara. Ya ce, "Lafiya lau. Mi ya faru? Yau ba ranar kiranka ba ce."

Na yi masa bayani. Sai ya fara tambaya.

"Ina za a je?"

"Ba wani wuri, Kawu. Za a zagaya ne cikin tuddai a dawo."

"Mi za a ɗauko?"

"Ba komai."

"Ba mara lafiya, ba kaya, ba gaisuwar mutuwa?"

"Babu."

"To gwada motar ake yi za a saida ta?"

"A'a, nishaɗi ne kawai."

"Nishaɗi," ya maimaita a hankali. "Shekara goma sha takwas ina roƙon Allah ya kawo mana kwalta, ashe wasu na nan suna gudunta. Kai kuma mi ka gaya mishi har ya ce kai za ka tuƙa?"

Na gaya masa gaskiya. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na ji Tanti tana tambayarsa ko lafiya. Da ya lafa sai ya ce in nemo masa tikitin jirgin ƙasa.

Dabarata mai sauƙi ce. Idan lokacin tuƙina ya zo, zan ce a al'adarmu yaro ba ya riƙe sitiyari babba na zaune, in miƙa wa kawu makulli, in koma baya in riƙa gyaɗa kai kamar mai duba aikin wani. Abokin aikina yana girmama duk abin da aka ce masa al'ada ce. Na taɓa tsallake wani taron yamma da wannan kalma.

Kawu ya iso ranar Asabar. Da safiyar Lahadi ya fito cikin babbar riga shuɗiya mai aiki, da hula, da takalmi baƙi yana walƙiya. Matata ta ce, "Kawu, daji fa za ku." Ya ce shi bai taɓa zuwa gaida baƙo da kayan aiki ba.

Sai da muka yi tafiyar kusan minti arba'in a ƴar motata kafin mu ga kat-kat ɗin, domin ba ta kwana a gari. Tsohuwa ce mai shan gazuwal, wato man dizal, dokar hayaƙi ta hana irinta shiga tsakiyar Lyon, don haka a rumbun surukin mai ita take zama, tsakanin tarakta da tarin ciyawa. Mota ce doguwa, da bututu a miƙe gefen gilashi don ratsa kogi, da igiyar ƙarfe mai injin ja a gaba, da shebur a ɗaure a baya, da jarkoki biyu a sama. Kawu ya zagaya ta sau biyu, ya ƙwanƙwasa taya, ya shafa bakin shebur ɗin, ya duba yatsansa. Fentin ko ƙwarzane bai yi ba.

Ya tambayi mai motar da Faransanci, "Kwana nawa za mu yi?"

"Ƙarfe biyar muna gida."

Kawu ya dube ni.

Kafin mu tashi abokin aikina ya shimfiɗa taswira a kan motar ya karanta mana dokoki. Koren layi hanya ce da aka yarda a bi, jan layi an rufe. Ba a sauka daga hanya ko da taku ɗaya, domin duk abin da ke gefe na wani ne, ko gona ko daji. Ba a gudu. Idan aka haɗu da masu doki a kashe inji. Idan aka haɗu da masu tafiya a ƙasa a tsaya a gaishe su, ko sun amsa ko ba su amsa ba. Magajin gari na kowane ƙauye yana da ikon rufe hanya, kuma suna amfani da ikon. Na lura jan ya fi koren yawa nesa ba kusa ba. Kawu ya saurara da nutsuwa, don yana son mutum mai tsari.

Nan na ga dama ta samu, na kawo maganar al'ada. Abokin aikina ya dafa ƙirji ya ce ya fahimta, kuma abin ya burge shi, amma akwai matsala. Tun ranar Laraba ya kira kamfanin asurans, masu biyan diyya idan an yi hatsari, ya sa aka ƙara sunana a takardar motar na wannan rana. Sunana ni kaɗai. Ya ba kawu haƙuri har sau uku. Kawu ya ce ba komai, doka doka ce, ya tattara rigarsa ya shiga kujerar baya, ya fito da carbi. Ta madubi na ga yana danne dariya.

Da safe mai motar ne ya tuƙa. Hanya ta farko da muka nufa koriya ce a taswira, amma a bakinta muka tarar da sabon allo, zagayayye, fari da jan baki, a ƙasansa an rubuta cewa sai masu gonaki da mazauna wurin. Ya sauka ya ɗauki hotonsa gaba da baya, ya tsaya yana yi wa allon bayanin cewa shekara goma sha biyu yana bin hanyar nan bai taɓa take ko kaza ba. Muka juya. A ta biyu mafarauta muka samu, sanye da riguna ruwan lemo, suna korar aladen daji. Motocinsu shida na can ciki cikin itatuwa, duka kat-kat, su an yarda musu. Ɗayansu ya ɗaga mana hannu cikin ladabi ya nuna mana inda za mu juya. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya mun yi tafiya mai yawa, dukanta a kan kwalta mai kyau.

Ta uku a buɗe take. Abokin aikina ya gyara zama, ya ce mu riƙe da kyau. Hanyar tsakuwa ce a daddaɓe, ta fi titin da ke gaban gidanmu a Tahoua laushi. Kafin mu kai rabinta kawu ya yi barci. Muka haɗu da wasu mata uku masu yawon ƙafa, kowace da sanduna biyu. Muka tsaya, aka sauke gilashi, aka gaishe su. Biyu suka kau da kai, ta ukun ta toshe hanci.

Wurin dai yana da kyau, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Itatuwa sun yi ja da rawaya, ganye na zuba a hankali ba iska. Gajimare ya sauko ya kwanta cikin kwari, ƙauyuka sun leƙo ta samansa da jajayen rufinsu, shanu farare suna kiwo a gangare ba makiyayi. Na shekara shida a Lyon ban san akwai wannan a bayan gari ba. A nan muka ci abinci, burodi da kaza da tuffa, mai motar ya kula bai kawo abin da ba ma ci ba. Muka yi azahar a kan ciyawa, shi kuma ya koma gefe ya tsaya kamar mai gadinmu.

Bayan nan ya miƙo mini makulli.

Yankin da ya ware mini wata siririyar hanya ce da ta gangara tsakanin shinge biyu, ta ratsa ƴar ƙorama a ƙasa, sannan ta hau zuwa kan tudun da ya ce daga can ake hango manyan duwatsu masu ƙanƙara. An yi ruwa cikin makon. Ƙasar ja ce, mai santsi, da sawun taya biyu masu zurfi. Na zauna, na gyara madubi, na sake gyara shi, na gyara kujera. Abokin aikina yana kallona da irin kallon da ake yi wa liman kafin ya ta da salla.

Muna fara gangarawa bayan motar ya soma lilo. Ƙafata ta nufi birki. Sai na ji muryar kawu daga baya, ƙasa-ƙasa, da Hausa, a kan sauti ɗaya, carbi na tafiya a hannunsa.

"Giya ta biyu. Ɗauke ƙafarka daga birki. Kada ka yi faɗa da ita, bar ta ta bi sawun. Haka. Sannu. Kada ka dubi shinge, dubi inda za ka."

Abokin aikina ya raɗa mini, "Me yake cewa?"

Na ce, "Addu'a yake yi."

Ya gyaɗa kai, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

Da wannan addu'a muka sauka lafiya. A bakin ƙoramar kawu ya ce in ƙara wuta kaɗan kuma kada in saki, na yi yadda ya ce, ruwa ya fantsama har gilashi, muka fita ɗaya gefen. Abokin aikina ya bugi kafaɗata ya ce, "Abin a jininku yake." Ni kaina na fara tunanin ko haka ne. Na saki hannu ɗaya daga sitiyari. Muka sha kwana, sai ga manyan duwatsu uku a jere a tsakiyar hanya, kowane ya kai girman ɗan maraƙi, a bayansu sarƙa da kwaɗo.

Ba wurin juyawa. Shinge dama, rami hagu. Abin da ya rage shi ne a koma da baya, a sake ratsa ruwan, a hau duk gangaren nan da muka sauko. Na sa giyar baya. Kawu ya ce in karkata hagu kaɗan, ni kuma har yau idan mota na tafiya da baya ban san wace hagu ake nufi ba. Na zaɓi ɗaya. Tayar baya ta zame cikin ramin a hankali, ba ko ƙara, motar ta karkace ta tsaya kamar jakin da aka yi wa lodi gefe guda. Na taka wuta, taya ta yi ta juyawa tana haƙa. Kawu ya daina jan carbi ya ce, "Kashe ta."

Muna tsaye muna kallon abin sai ga kare, a bayansa wata tsohuwa da takalman roba da sanda. Ba ta gaishe mu ba. Ta dubi motar, ta dubi ramukan da na haƙa, ta tambaya ko ba mu iya karatu ba. Abokin aikina ya zaro taswira ya nuna mata koren layi, ya ce hanyar ta jama'a ce.

Ta ce, "Taswirarka ta bara ce. Majalisar ƙauye ta rufe ta tun bazara."

"Ba allo a sama, Madam."

"Sau biyu ana kafa shi, sau biyu ana tumɓuke shi a jefa cikin ƙaya."

"Ba mu ba ne."

"Kullum ba ku ba ne."

Ta ce ta nan shanunta ke bi safe da yamma. Duk sawun da mota ta bari, idan aka yi ruwa sai ya zama magudana, ruwan ya bi shi har cikin garkenta. Ta ce ita ba ta taɓa zuwa Lyon ta shiga lambun wani da tarakta don ta huta ba. Abokin aikina ya fara maganar doka da ranar da ya kamata a liƙa sanarwa, ita kuma ta fara maganar jandarma. Ni na tsaya a bayan motar ina duban taya kamar akwai abin da zan gano.

Sai ƙofar baya ta buɗe. Kawu ya fito, ya tattare babbar rigarsa da hannu ɗaya, ya tako cikin taɓo da takalminsa mai walƙiya har gabanta. Ya gaishe ta da Faransanci, amma gaisuwar gida ya yi mata. Ya tambayi lafiyarta, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi yadda ta ji da ruwan da aka yi. Ta amsa ta farko a daƙile, ta biyu da mamaki. Da ya zo kan shanu sai ta tsaya ta dube shi, ta ce ɗaya daga cikinsu ƙafarta ta kumbura, a cikin irin wannan sawun ta gurɗe. Ya tambayi wace ƙafa, ya tambayi ko tana cin abinci. Karen ya zauna.

Kawu ya ce mata a ƙasarmu akwai irin wannan hanya, burtali muke ce mata, ta shanu ce tsakanin gonaki, kuma an sha zuwa gaban alƙali a kanta. Ya ce tana da gaskiya. Ya ce lokacin yana saurayi motocin Turawa masu yawon sahara sukan ratsa ƙauyen kakanninsa, irin wannan motar sak, da bututu da shebur, su bi ta cikin gona su wuce, wani lokaci su bar akuya a kwance.

Ta ce, "Ba ku sa musu duwatsu ba?"

"Ba mu da duwatsu a wajen, Madam, rairayi ne."

"To me kuka yi?"

"Mun ɗaga musu hannu."

Ta yi wata gajeriyar dariya ta hanci. Abokin aikina ya naɗe taswirarsa.

Aka koma kan fitar da mota. Nan fuskar mai ita ta ɗan washe, domin shekara huɗu ke nan da ya sa igiyar ƙarfen nan bai taɓa samun dalilin amfani da ita ba. Ya buɗe akwati, ya zazzage jaka, ya leƙa ƙarƙashin kujeru. Abin da ake latsawa injin ya ja yana can rumbun surukinsa, a kan tarakta, inda ya ajiye shi da safe don kada ya manta.

Kawu ya cire babbar rigarsa, ya ninke ta da kyau, ya miƙo mini. Aikin da aka ga ya dace da ni ke nan. Ya kwance shebur, ya share gaban tayar da bayanta, ya sa muka kawo duwatsu ƙanana da rassa ya jera, ya rage iskar tayoyin da tsinke yana saurare da kunne. Sannan ya miƙa hannu. Abokin aikina ya buɗe baki, na ga kalmar asurans ta zo har leɓensa, ya dubi tsohuwar, ya dubi ramin, ya ba da makullin. Kawu ya zauna, ya ɗora hannu ɗaya a bayan kujera, ya waiwaya. Motar ta yi gaba kaɗan, ta yi baya kaɗan, ta fito. Bai tsaya ba, ya ratsa ƙoramar da baya, ya hau gangaren nan duka a tafiya ɗaya, ba gudu ba tsayawa, har muka daina ganinsa. Can muka ji ya kashe inji. Ya dawo a ƙasa yana goge hannu da ganye, ya karɓi rigarsa.

Tsohuwar ta ce ba za ta kira kowa ba, amma ramukan nan ba za su kwana haka ba. Ta kawo shebur na biyu daga garke. Kawu kuma ta ce ya zo ya ga saniyar, akwai kofi a kan wuta. Haka muka rage mu biyu, injiniyoyi, muna cike rami.

Mun jima muna aiki. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ba ka taɓa tuƙi a rairayi ba, ko?"

"Ban taɓa ba."

"Ko sau ɗaya?"

"A can ko a kwalta ban taɓa ba. A Stains na koya."

Ya zuba shebur biyu. "Addu'ar fa?"

"Cewa yake in sa giya ta biyu."

Ya zauna a bakin ramin ya yi ta dariya har ya cire tabarau. Da ya samu numfashi ya ce shi fa ya rarraba shawarwarina ga duk ƴan ƙungiyarsu ta masu kat-kat, har wani ya je Maroko da su, ya dawo yana godiya. Na ce ai shawarwarin na gaskiya ne, mai su ne daban. Ya ce in ci gaba da aiki, gefena bai cika ba.

Da muka gama, tsohuwar ta zo ta taka wurin da ƙafa, ta ce ba laifi. Ta ce idan tudun muke son gani, sarƙar ba ta hana mai ƙafa wucewa. Muka tsallaka mu uku, muka hau, tafiyar kusan minti ashirin, taɓo har gwiwa, kawu a gaba da ƙunshin cuku da ta ba shi. A sama muka ga abin da aka yi mana alkawari: kwari a shimfiɗe, Lyon can nesa kamar an zubar da farin tsakuwa, bayanta kuma duwatsu masu ƙanƙara a jere. Muka kuma ga fili mai kwalta da fararen layuka, motoci kusan goma a ajiye, da wata babbar bas ta tsofaffi ƴan yawon buɗe ido. Wata mata tana tura jaririnta a keke, takalminta fari tas. Hanya ce mai kyau ta hau daga ɗaya gefen tudun.

Kawu ya tambayi abokin aikina ko ya san da wannan hanyar. Ya ce ya sani mana, amma ba daɗi ta nan. Kawu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juyo gare ni ya ce da Hausa, "Mutumin kirki ne. A riƙa yi mishi addu'a."

Ranar Litinin na shiga wurin cin abinci a shirye don abin da zai biyo baya. Abokin aikina ya ba da labarin tun daga allon farko har bas ɗin tsofaffi, ya tashi tsaye ya kwaikwayi yadda kawu ya ɗora hannu a bayan kujera. Da aka tambayi wanda ya jefa motar a rami sai ya ce ƙasar ce ta yi santsi. Bai ƙara kawo mini tambaya ba. Ya karɓi lambar kawu, yanzu kai tsaye suke magana, wani lokaci sai daga bakinsa nake jin cewa Tanti ta yi mura.

Tun daga shekarar kawu yakan zo sau biyu, da bazara da kaka. Nakan ɗauko shi daga tasha, da safe in kai shi rumbun, in ga tashinsu, in dawo gida in kai ƴata wasan lilo. A zuwansa na baya-bayan nan na tambaye shi yadda hanyoyin suke. Ya ce an ƙara rufe biyu, wadda ta rage sun gama ta kafin ƙarfe goma sha ɗaya. Na ce to ina suka yini. Ya ce a garken tsohuwar, tana da saniya mai naƙuda, ɗanta kuma ya tafi Grenoble, sai suka tsaya har ta haihu.